LIKITA MILA NA ZARIYA: BATUREN MISHAN DA MAKARANTARSHI TA FI WA'AZINSHI TASIRI

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya aje shi sai dare.

Tun da aka fara maganar sake buɗe makarantun ƙauyukanmu na Batsari da Safana waɗanda matsalar tsaro ta sa aka rufe, nake jin ra'ayi iri biyu. Wasu na cewa a bari tukuna sai komi ya lafa, ai karatu ba gudu yake ba. Wasu kau, musamman a karkara, har yanzu akwai sauran tsohon ɗari-ɗarin nan da boko a zuciyarsu, gadonshi suka yi, da yawa ba su ma san inda ya faro ba. Shi ya sa na ga ya dace in kawo maku tarihin wani Baturen mishan da ya yi fiye da shekara 50 yana hulɗa da ƙasar Hausa, don a cikin labarinshi akwai amsa ga ɓangarorin biyu.

Sunanshi Walter Miller, Hausawa suka maida shi Likita Mila. An haife shi a 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew a Landan. Da ya gama, maimakon ya zauna gida ya tara kuɗi, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda aka fi sani da CMS. Tun farko gara mu faɗi gaskiya: abin da ya taso da shi daga ƙasarsu shi ne ya maida Hausawa Kirista. Magani da makaranta hanyoyi ne na kaiwa ga wannan buri, shi kanshi kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Amma ku duba irin shirin da ya yi. Kafin ya tako ƙasar nan, a ƙarshen shekarun 1890, sai da ya tafi Tarabulus ta Libiya ya zauna don ya koyi Hausa, saboda a lokacin garin cike yake da fataken Kano da mahajjata masu ratsa Sahara. A can ya gamu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinshi ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron nan daga baya ya zama na hannun damanshi. Zuwa 1901 Mila har ya buga ɗan littafin koyon Hausa don Turawa.

A farkon 1900 su biyar suka taso daga Ikko ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka nufo Kano. Ku tuna, a lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba, sai a 1903 suka ci ta. Sun biyo ta Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su. Da suka iso Kano kau, Sarki Alu Babba ya nuna masu cewa mutanenshi suna da malamansu da Alƙur'aninsu, ba su buƙatar wasu, ya ba su 'yan kwanaki su tattara su bar mashi gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu, ayarin ya watse. Mila ne ya nace ya dawo, har a 1905 ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

A nan nake so masu zagin kakanninmu su ɗan dakata. Sau da yawa za ka ji ɗan boko na cewa jahilci ne ya sa iyayenmu suka guje wa makaranta. Wallahi ba haka abin yake ba. Mutanen da suka gaji karatun Gobarau, suka gaji Ɗan Marina da Ɗan Masani, suka gaji littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, ba za a kira su jahilai ba. Abin da ya faru shi ne, farkon wanda ya miƙo masu allon boko, da ɗaya hannun yana riƙe da Baibul. Mila ya tsara wa Gwamna Lugga makarantu biyu, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya ta malamai da za a koya masu rubutun boko. An gwada a Zariya a 1907, abin bai je ko'ina ba, don mutane sun gane inda aka dosa. Uban da ya hana ɗanshi shiga hannun wanda ya fito fili ya ce addinin ɗan yake so ya sauya, ai ba a ce ya yi wauta ba. Ita kanta kalmar boko, a Hausarmu ta asali, abin da ba na gaskiya ba ake kira da ita, kamar yadda muke cewa biri boko.

Su ma Turawan mulki sun gane haka. Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, kuma da sarakuna suke son su yi mulki. Don haka suka taƙaita shigar mishan cikin masarautu, suka ba Hanns Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, aikin buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin mamaki, shi ma Ɗan Hausan da rigar CMS ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Daga wannan layi ne Kwalejin Katsina ta fito, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Dikko, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Sai dai makarantun gwamnatin 'yan kaɗan ne ƙwarai. A Kudu kau mishan na buɗe makarantu tun shekarun 1840, sakandaren CMS ta Ikko tun 1859 take. Tazarar da muke kuka da ita yau tsakaninmu da Kudu, daga nan ta samo asali.

To shi Mila da aka hana shi 'ya'yan sarakuna, su wa ya koyar? Wannan shi ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina a duk tarihin nan. Waɗanda ba wanda ya damu da su ya tara: marayu, 'yantattun bayi, 'ya'yan talakawa, sai kuma 'ya'yan Isawa.

Su Isawa mabiyan wani malami ne a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya riƙa ba Annabi Isa (AS) wani matsayi na musamman a karatunshi, har aka kashe shi a kan haka zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, tun kafin wani ɗan mishan ya tako Kano. Almajiranshi suka watsu, wasu suka yi wajen Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Mila, aka kafa masu ƙauye a Gimi a ƙasar Zazzau. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa. 'Ya'yan waɗanda suka saura su ne suka zama ƙashin bayan makarantarshi.

Makarantar ba wata babba ba ce. Ginin ƙasa ne, yara 'yan kaɗan, yana kwana da su wuri ɗaya, ya san kowa da sunanshi da halinshi. Da Hausa ake fara koya masu karatu, sannan a ɗora Turanci da lissafi. Wanda ya ga yana da ƙwaƙwalwa, sai ya yi ta rubuta wasiƙu Ikko da Ingila har ya samo mashi gurbin ci gaba. A 1929 hukuma ta sa aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, bayan ganuwa, inda aka gina coci da makarantar St Bartholomew da asibitin St Luke. Shi Mila bai so wannan tashi ba. Wasu abokan aikinshi irin su Guy Bullen ne suka raya Wusasa, shi kuma ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi ne jagoran aikin.

Yanzu ku duba abin da wannan 'yar makaranta ta haifar.

Dakta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, rainon Mila ne. Ya wuce King's College ta Ikko, ya yi karatun likita a Birmingham, ya zama likitan farko ɗan Arewa. Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, shi aka zaɓa shugaba. Wato ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna, shugabanta na farko Kirista ne ɗan Zazzau, kuma Musulmi ne mafi yawan waɗanda suka zaɓe shi. Asibitin Barau Dikko na Kaduna da muke kai marasa lafiya, sunanshi ne.

Farfesa Ishaya Audu, wanda gidansu ya fito daga cikin Isawa, a Wusasa ya yi karatu. Ya zama likitan Sardauna, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje zamanin Shagari. Duk wanda ya riƙe digirin ABU, ya ci moriyar aikin mutumin nan.

Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, mahaifinshi ma'aikacin mishan ne da ya zo daga Filato, a St Bartholomew ya fara karatu. Masu son adabi kuma sun san Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito bayan gasar 1933. John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East.

Duk wannan daga unguwa ɗaya, wadda ba ta kai Runka ko Ruma girma ba a wancan lokaci.

Amma fa kada a ɗauka waliyyi nake zana maku. Mila mutum ne mai taurin kai da kaifin baki, kuma abubuwan da ya rubuta a kan Musulunci da sarakunan Fulani akwai raini da rashin adalci a cikinsu. Ya yi ta tura ƙorafi a kan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami kuma fasihin mawaƙi, ana lissafa ƙorafin nan cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin a wajajen 1920. Aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924, garin da shi ma Alu Babba ya ƙare rayuwarshi a 1926. Har yau akwai gidajen da ba su manta da wannan ba. 'Yar uwarshi Ethel Miller ma ta buga wata ƙasida ta ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a shekarun 1920 wadda ta tayar da hankali ƙwarai. Sannan Mila na cikin waɗanda suka fi matsawa a ture ajami a koma rubutun boko. Dubban malamanmu da ke karatu da rubutu da ajami suka wayi gari hukuma na lissafa su cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan rauni har yanzu bai gama warkewa ba. Ga shi kuma da haruffan da ya yi wa yaƙi nake rubuta maku wannan, da su kuke karantawa.

Ta wani ɓangaren kuma, Turawan mulki ma ba su sha da daɗi a hannunshi ba. Ya yi ta sukar yadda suka bar talaka a hannun En'e, da zaluncin haraji, da rashawa a kotuna, da yadda suka ƙi faɗaɗa ilmi a Arewa don kada a samu masu ɗaga masu murya. A 1947 ya buga littafi mai suna Have We Failed in Nigeria? yana tambayar 'yan uwanshi Turawa ko sun gaza ne. Da yawa daga abin da ya faɗa, shi ne 'yan NEPU suka fito suna faɗa daga 1950. Ya ajiye aikin CMS a tsakiyar shekarun 1930, ya koma Ingila, zama ya gagare shi, ya dawo. A 1952 ya mutu a ƙasar Jos yana da shekara 80, can aka binne shi.

In aka auna shi da burin da ya kawo shi, bai ci nasara ba. Zariya da Kano da Katsina suna nan da Musuluncinsu, waɗanda suka bi shi ba su da yawa. Abin da ya rage bayanshi shi ne ɗaliban.

Mu nan yammacin Katsina ba mu ga Mila ba, amma mun ga 'yan uwanshi. Duk wanda ya taso daga Batsari zai shiga Katsina sai ya wuce ta Babbar Ruga. Asibitin nan, mishan ɗin SIM ne suka fara riƙe shi a matsayin wurin jinyar kutare a ƙarshen shekarun 1930, da yardar Sarki Dikko, lokaci ɗaya da na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Ta ƙofar kutare suka shigo masarautun da aka hana su shiga, don aiki ne da kowa ke gudu. Bayan gwamnati ta karɓe shi, wani likita ɗan Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara aikin yoyon fitsari a wurin a shekarun 1980, yau ya zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya. Mata nawa daga ƙauyukanmu aka ɗinke a can suka koma ɗakunansu? Haka in ka tsallaka Nijar, ga Danja kusa da Maraɗi, ga asibitin Galmi. 'Yan uwanmu Hausawa Kirista na wajen Malumfashi da Kafur da Matazu, yawancinsu daga wannan zamani tarihin cocinsu ya faro. Hausawa ne kamar mu, ba daga wata ƙasa aka kawo su ba, kuma 'yan bindiga ba su tambayar addinin kowa kafin su kore mashi shanu.

To mene ne namu a ciki?

Na farko, abin da kakanninmu suka ji wa tsoro ya wuce. Yau makarantar firamaren ƙauyenku, hedimastan ɗan garinku ne, tare kuke sallar Juma'a, akwai malamin Arabiyya a ciki. Dalilin gudun ya kau, saura gudun kawai. Limamanmu da masu unguwanni su ne ya kamata su faɗi wannan da bakinsu, don su ake ji.

Na biyu, ku lura da lissafin shekaru. Mila ya zauna Zariya a 1905. Barau Dikko bai zama likita ba sai bayan fiye da shekara 30. Ishaya Audu bai hau kujerar ABU ba sai bayan shekara 61. Haka makaranta take, wanda ya dasa ba lalle ya sha inuwar ba. Rashinta ma da irin wannan jinkiri yake nuna kanshi. An ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976. An kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989. Amma yara nawa ne a rugagen dajin Rugu suka taɓa ganin malami ya zo ya zauna da su, na boko ko na allo? Yaran da aka bari a wancan lokaci sun girma, wasunsu ne muke zaman sulhu da su yau suna rataye da bindiga. Ban ce rashin makaranta ne kaɗai ya jawo ba, akwai satar shanu, da cinye burtali, da zaluncin da aka yi ta yi a ɓangarori biyu, da makaman da suka cika daji. Amma wanda bai san alif ba bai san A ba, ya fi sauƙin ja.

Yanzu mu dubi namu yaran. Tun daga harin Tsauwa da Dankar a 2020, da kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, akwai ƙauyukan da yaro ya isa shiga aji ɗaya har ya wuce shekarun firamare bai zauna a aji ba. Aikina yana kai ni ƙauyuka, na ga azuzuwan da iska ta yaye wa kwano, na ga waɗanda 'yan gudun hijira ke kwana a ciki, na ga inda sunan malami shidda ke rubuce a takarda amma ɗaya ke zuwa. Masu cewa a jira sai komi ya lafa, su tuna yaro ba ya jira, girma yake. Icce kau tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ukku, abin da ya fi tsaya mani a rai. Mila bai jira gini ba, bai jira kasafin kuɗi ba. Abin da ya bayar shi ne zama. Ya koyi harshen mutane kafin ya zo, ya zauna cikin zazzaɓi da ciwon barci, ya ɗauki yaran da kowa ya raina ya bi su ɗaya bayan ɗaya har suka zama mutane. Ya yi haka ne don addininshi. Mu da muke cewa namu ne na gaskiya, wanda ya fara da umarnin karatu, me muka yi don namu? Batsari da Safana ba su rasa masu digiri ba, muna nan cike da ofisoshin Katsina da Kaduna da Abuja. In kowace ƙungiyar ci gaban gari ta ɗauki makaranta ɗaya, ta riƙa biyan 'yan garin masu NCE da ke zaune ba aiki ɗan alawus su koyar, ta bi sawun yara goma har su gama sakandare, ba sai mun jira kowa ba. Inda ƙauye bai zaunu ba, a bi yaran inda suka yi hijira. Kuma duk zaman sulhun da za a yi, a sa makarantar 'ya'yan Fulanin daji a sahun gaba, da malamin da ke jin Fulatanci, wanda zai zauna da su da gaske. Gwamnati kuma haƙƙinta na tsaro da albashi yana nan a wuyanta, ba mu yafe mata ba.

Na san wani zai ce me ya kai ni yabon ɗan mishan. Na faɗi alherinshi, na faɗi sharrinshi, kuma hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta ya fi kowa cancantar ɗauka.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya maido da yaranmu aji. Amin.